Motar masa ta gidanmu a Abuja: ta yaya za ta zama babban suna ba tare da ɗanɗano ko zumunci ya lalace ba?

Ɗan Mai Masa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar abinci daga ciki, domin mun zo wata gaɓa da ra'ayi ya rabu a gidanmu. Mahaifiyarmu ta daɗe tana toya masa a ƙofar gida a Kubwa, kuma da ciniki ya fi ƙarfin ƙofar gida, yayanmu ya sayar da filinsa ya sayi tsohuwar bas, aka cire kujeru, aka yanka taga a gefe, aka kafa tanda da tukunyar gas a ciki. Da safe mukan tsaya kusa da ofisoshi a Garki, da yamma mu koma Gwarinpa, Asabar da Lahadi kuma mu nufi wajen tafkin Jabi. Muna sayar da masa da miyar taushe, masa da tsire da yaji, dambun shinkafa, kunun aya da zoɓo. Hajiya ce ke haɗa ƙullu da miya tun kafin asuba, ƙanwata ke suya, Yaya ke tuƙi da sayayya, ni kuma nake riƙe da na'urar POS da littafin ciniki.

Yanzu tayi biyu ne a gabanmu. Kawunmu yana so ya zuba kuɗi a ƙara motoci biyu, ɗaya a Wuse ɗaya a Lugbe. Akwai kuma wani bawan Allah a Jos da ya ci masarmu, yake so ya buɗe irin tamu can da sunanmu da launin motarmu, yana biyan mu wani abu duk wata. Yaya yana ganin a karɓi duka biyun kafin dama ta wuce. Hajiya ba ta ce a'a ba, ta dai ce mu yi abin da muka ga ya dace, amma mun san cewa ko ƙullun mota ɗaya yana gajiyar da ita. Burinmu shi ne wata rana sunan masar Hajiya ya zama sananne kamar manyan gidajen abinci, a gan shi a Kaduna da Kano da Legas. Ta ina ake farawa, kuma wane ne daga cikin tayin nan biyu ya fi dacewa a fara karɓa?

Uwargida Mai Girkin Biki ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sanya albarka a hannunta. Ni girkin biki da na taro nake yi a nan Abuja, kuma abin da zan faɗa maka shi ne kada ku karɓi ko ɗaya daga cikin tayin nan tukuna, saboda abin da mutane ke bin motarku dominsa yana hannun mutum ɗaya ne, kuma ba a rubuta shi a ko'ina ba. Ranar da Hajiya ta tafi Umara ko ta kwanta da zazzaɓi, wa ke haɗa ƙullu, kuma shin abokan cinikinku na kullum suna gane cewa ba hannunta ba ne? Amsar wannan tambaya ita ce za ta gaya muku ko kun shirya wa mota ta biyu.

Kai da kake riƙe da littafi, ka sayi ƙaramin sikeli na kicin, ka tashi tare da ita tun kafin asuba, ka zauna gefenta kana aunawa. Duk abin da ta ɗiba da hannu ko da ludayi, ka roƙe ta ta zuba a kan sikeli kafin ya shiga roba: shinkafar da aka jiƙa, dafaffiyar da ake haɗawa da ita, yis, sukari, gishiri, albasa, ruwan kanwa idan tana sawa. Kada ka dogara da mudu, domin mudun Kasuwar Wuse da na Dei-Dei ba lallai su zo ɗaya ba, kuma ko a kasuwa ɗaya cikar hannun wani ta bambanta da ta wani. Ka rubuta irin shinkafar da take saye da wurin wanda take saye, domin shinkafar tuwo ma iri-iri ce, wata tana shan ruwa fiye da wata. Za ka ga cewa ba kullum awonta yake zuwa daidai ba, kuma a nan ilimin yake. A zafin Maris da Afrilu ƙullu yana tashi da wuri, idan aka bar shi ya wuce lokaci sai masa ta yi tsami ta sha mai, a lokacin hunturu kuwa yana jinkiri. Hajiya tana gyara wannan da ido da hanci ba tare da ta yi magana ba, aikinka shi ne ka tambaye ta abin da ta gani har ta rage yis yau ko ta ƙara ruwa, ka rubuta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka nauyin tayin mutumin Jos, domin sanyin Jos ba irin na Abuja ba ne, ƙullun da ya tashi a Kubwa cikin dare ɗaya zai nemi wani lissafin a can.

Idan takardar awo ta kammala, a ba ƙanwarka ta haɗa ƙullu da miya da takardar kaɗai, Hajiya na zaune ba ta sa hannu ba, sai dai ta ɗanɗana ta ce ya yi ko bai yi ba. A maimaita har ranar da za a fita da masar ƙanwarka kasuwa ba wanda ya ce yau masa ta canza. Daga nan sai a koya wa wata da ba 'yar gida ba. Na san iyayenmu ba sa son sirrin girki ya fita, kuma tsoron nan yana da dalili. Maganinsa shi ne a raba aikin: haɗin yaji da kayan ƙamshin miya a riƙa yin su a gida, mutum ɗaya ko biyu kaɗai su san awonsu, a ƙulla a leda gwargwadon tukunya ɗaya, mai girki ta buɗe ta zuba kawai.

Sannan kafin a sayi wata mota, kuɗin ya fara zuwa kicin. A sami wuri ɗaya mai ruwa da firiza da wutar da za a dogara da ita, inda za a haɗa ƙullu, a dafa miya, a gyara nama, motoci su zo su ɗauka da safe, a mota suya kawai za a yi. Motoci uku da kowace ke girkinta abinci uku ne daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya. Kuma ina roƙonku ku kula da miyar taushe da kunun aya, domin ba sa jure zafin cikin mota. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce abinci mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, kuma dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Mutum ɗaya ya yi ciwon ciki ya ɗora hoton motarku a Instagram, duk motocin da ke ɗauke da sunan ne za su ji a jikinsu.

Malam Akanta na Utako ya amsa:

Hajiya Uwargida ta yi magana kan tukunya, ni zan yi magana kan takarda, domin a bayaninka, ɗan'uwa, ban ga inda ka ce wane ne mai kasuwancin ba. Yaya ya sayar da fili ya sayi mota, Hajiya ta kawo girki da suna da abokan ciniki na shekaru, kai da ƙanwarka kuna ba da ƙarfinku kullum. Kowannenku yana da dalilin jin cewa nasa ne, kuma muddin riba kaɗan ce ba wanda zai tayar da maganar. Ranar da kuɗin Kawu suka shigo, maganar za ta tashi da kanta, kuma za ta tashi a lokacin da zukata suka riga suka yi zafi. Ku zauna yanzu da ake dariya, a gaban wani dattijo da kowa ke jin nauyinsa, a yi wa motar kuɗi, a yi wa girki da sunan Hajiya kuɗi, a fitar da kason kowa, a rubuta, a sa hannu da shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, saboda haka ba rashin yarda ba ne ɗan'uwa ya nemi a rubuta tsakaninsa da ɗan'uwansa.

A cikin wannan zama a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa a kasuwancin gida, wato albashi da riba. Wanda yake aiki a ba shi albashin aikinsa duk wata, har da Hajiya, har da ƙanwarka wadda ke tsaye gaban tanda. Riba kuma a raba gwargwadon hannun jari a lokacin da aka ajiye, bayan an ware abin da za a mayar cikin kasuwanci. Idan ba a biyan 'yan gida, lissafinku zai nuna riba da babu ita, domin a mota ta biyu baƙi za ku ɗauka kuma dole a biya su. Haka nan kuɗin cefanen gida kada ya ƙara fita daga aljihun ciniki. A yi maganar abin da zai faru da kason ƙanwarka idan ta yi aure ta bar aikin, da abin da zai faru idan ɗayanku ya so ya sayar da nasa, da kuma batun gado, domin kason wanda ya rasu na magadansa ne, kuma cikinsu akwai waɗanda ba su taɓa shiga motar ba.

Ta fuskar hukuma, idan rajistar sunan kasuwanci kawai kuka yi a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ku sani cewa a idon doka ku da kasuwancin abu ɗaya ne, bashinsa bashinku ne. Cikakken kamfani mai hannun jari shi ne ke tsayawa da kansa, shi ke ba da damar a rubuta kason kowa, kuma a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 mafi ƙarancin jarin da ake rajistar kamfani mai zaman kansa da shi naira 100,000 ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne rajistar CAC ba ita ce ke kare suna da tambari a matsayin alamar kasuwanci ba. Wannan ofishi ne daban, na rajistar alamomin kasuwanci, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Ana yin rajistar ne rukuni-rukuni: hidimar gidan abinci tana rukuni na 43, idan kuma kuna da niyyar sayar da yaji ko garin masa a leda, rukuni na 30 ya shafe ku. Rajistar farko tana aiki na tsawon shekara 7, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ku lura cewa sunan da kawai yake siffanta abinci, irin su masa mai daɗi ko masar gida, yana da wuyar karewa, domin kowane mai toya masa yana da haƙƙin faɗin haka. A yi rajistar da sunan kamfanin, kada a yi da sunan mutum ɗaya. Shafukanku na Instagram da lambar WhatsApp da ake oda ta cikinta su ma dukiyar kamfani ce, a san wanda ke riƙe da su. Ranar da kuka fara ɗura kunun aya ko zoɓo a kwalba da tambari domin kai wa shaguna, to rajistar NAFDAC ta hau kanku.

Game da Kawu, a tambaye shi cikin ladabi ko bashi zai bayar ko hannun jari yake so. Idan bashi ne, a rubuta lokacin biya. Idan jari ne, ya san cewa riba da asara duka ana raba su, a kuma rubuta ko yana da ta cewa a harkar yau da kullum. In kuna son kauce wa kuɗin ruwa daga waje, bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJBank, wanda ya fara a 2019, suna da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan aiki ya sayar muku da riba sananniya ku biya a hankali. Amma kowane banki bayanin asusu zai fara nema, saboda haka duk cinikin da ya shigo ta POS ko ta taransifa ya faɗa asusun kamfani.

Tsohon Manajan Gidan Abinci ya amsa:

Na yarda da dattawan da suka riga ni, amma ina da ja a kan tunanin cewa girma yana nufin ƙarin motoci. Abuja gari ne da ba a tsayawa a yi ciniki a duk inda aka ga dama. Hukumar kare muhalli ta AEPB tana da hurumi kan talla a gefen titi, ƙaramar hukumar AMAC tana da nata izini da kuɗaɗen shiga, fentin suna a jikin mota yana da nasa izinin talla, ga takardun mota, ga gwajin lafiyar masu taɓa abinci. Kowace mota da kuka ƙara, duk waɗannan sun ninku, tare da direba da makanike da man fetur, wanda tun cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 ya zama babban kaso na kuɗin da ke fita. Wurin tsayawa da ba ku da rubutacciyar yarjejeniya a kansa ba naku ba ne. Ku nemi harabar filaza ko gidan mai ko lambun shaƙatawa, ku biya mai wurin, a rubuta.

A ganina aikin mota shi ne ta gano muku inda kasuwa take, kuma ta tallata suna. Ka buɗe littafinka ka ware cinikin Garki daban, na Gwarinpa daban, na Jabi daban, kowane da ranarsa. Inda ya fi tsayuwa duk wata, damina da rani, can ya cancanci ƙaramin shago, wanda zai iya zama kicin ɗin da Hajiya Uwargida ta ambata, ya kuma zama adireshin da masu kai saƙo na manhajojin odar abinci irin su Chowdeck ko Glovo za su riƙa zuwa ɗauka. Sai dai kada ku jingina duk odarku a kan manhaja, domin suna cire kamashonsu, kuma a Disambar 2023 Jumia Food da Bolt Food duka sun rufe a Najeriya. Lambobin abokan ciniki da ke hannunku sun fi amfani. Motar kuma ta koma tana zuwa biki da walima da taron ofisoshi, inda ake biyan kafin alƙalami kuma an san yawan mutane tun kafin a jiƙa shinkafa.

Batun mutumin Jos kuwa, ba da hayar suna shi ne mataki na ƙarshe, ba na biyu ba. The Halal Guys a birnin New York wasu Misirawa uku ne suka fara shi da amalanken abinci a 1990, direbobin tasi Musulmi ne suka fara ɗaga su, kuma sai a 2014 suka fara ba wasu izinin buɗe rassa da sunansu, bayan shekara 24 suna sayar da abinci kaɗan da kowa ya san ɗanɗanonsa. A gida kuma, Mr Bigg's na kamfanin UAC ya buɗe a Marina ta Legas a 1986, ya bazu ta hanyar ba da izinin suna har rassansa suka haura 100, daga baya suka ragu sosai, kuma cikin dalilan da ake yawan kawowa akwai wahalar tabbatar da inganci iri ɗaya a rassan da ke hannun mutane daban-daban, ga kuma sababbin abokan gasa irin su Chicken Republic da ya fito a 2004. Idan kamfani mai ma'aikata da masu sa ido ya sha wannan wahala, ku da ba ku da wanda zai bi hanyar Akwanga duk wata ya je ya ɗanɗana miya a Jos, da me za ku tsare sunanku?

Abu na ƙarshe, ku rage yawan abin da kuke sayarwa maimakon ku ƙara. Masa aka san ku da ita. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin 100, kuma wanda bai san abin da faranti ɗaya ya ci masa ba, daga shinkafa da mai da gas har zuwa roba da leda, yana iya wuni yana ciniki alhali uwar kuɗi yake ci. Abinci kaɗan ya fi sauƙin lissafi, ya fi sauƙin koyarwa.

Ɗan Mai Masa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa ƙanwata, kuma mun yarda za mu fara da sikeli da zaman rabon kaso. Abin da ya rage mini shi ne Yaya. Shi ya sayar da filinsa lokacin da ba wanda ya yarda abin zai yiwu, kuma ina tsoron idan ni ƙaninsa na kawo maganar takarda da jinkiri, zai ɗauka ina so in rage masa matsayi ne ko in hana shi ci gaba. Ta yaya zan shigar da maganar?

Uwargida Mai Girkin Biki ta sake amsawa:

Kada maganar ta fito daga bakinka, ɗana. Ka fara samun Hajiya ita kaɗai, ka yi mata bayani a natse, ita ta kira zaman, ita kuma ta zaɓi dattijon da zai zauna. A wurin zaman, abu na farko da za a rubuta shi ne filin da Yayanku ya sayar, a ƙimanta shi da darajarsa ta gaskiya a gaban kowa, domin ya ga cewa takardar haƙƙinsa ta fara karewa. A ba shi shugabancin kamfanin, a kuma damƙa masa neman wurin kicin da tattaunawa da Kawu, tunda shi ya san kasuwa da masu wurare. Kada a ce masa an fasa ƙarin mota, a sa sharaɗi da kowa zai iya gani da idonsa: idan kicin ya tsaya, kuma an yi wata guda cur ana fita da ƙullun da ba Hajiya ta haɗa ba ciniki bai ragu ba, sai a sayi ta biyu, shi ya zaɓi inda za ta tsaya. Mutumin Jos kuma Yayanku ne ya kamata ya kira shi, ya gode masa, ya ce a dakata har rajistar tambari ta fito, in da gaske yake ya turo wanda zai yi masa girki ya zo Kubwa ya koya a hannun Hajiya tukuna.